Shin kunya tana hana arziki?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, na ce bari in kawo ta nan. A kasuwa ana yawan cewa mai kunya ba ya ciniki, kuma abin da nake gani a Kantin Kwari ya sa na fara yarda. Yaron da ke tarar mai saye tun daga bakin layi, ya karɓe masa jaka, ya ce "Hajiya taho ki gani ko ba za ki saya ba", shi ne bayan 'yan shekaru za ka ga ya kafa tebur, daga nan ya kama shago. Wanda kuwa ya taso da tarbiyyar gida, ba ya ɗaga ido, ba ya iya cewa maigida a ƙara mini, shi ne har furfura ta fito yana naɗe yadi a shagon wani. An raine mu a kan yabon kai jahilci ne, kar ka dubi idon babba, in an miƙo maka abu ka fara cewa a bar shi. Shin ba wannan ke danne mu ba? Amsa ta gaskiya nake so, ba wa'azi kaɗai ba.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Wallahi ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni atamfa da leshi nake sarowa ina sayarwa a gida, kuma ba baƙi ne suka karya ni ba. Baƙo ya zo ya biya ya tafi. Dangi ne. Yayar miji ta ɗauki turmi biyu ta ce sai an yi albashi, matar wa ta ɗauki leshin biki, ƙawa ta ce ai ke tawa ce. Watanni su shuɗe, mu haɗu a gidan suna tana sanye da kayan, mu gaisa, bakina ya yi nauyi. Kun kuma san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi bai sake tsayawa wuri ɗaya ba. Kuɗin da na bayar bashi, ko an biya ni bayan wata shida, ba zai sake sayo mini wannan turmin ba. A wurina dai amsar ita ce e, kunya ta cinye mini jari.

Malamin Islamiyya:
Ɗan uwa ya ce ba ya son wa'azi, to bari in kawo tarihi. A cikin sahabbai Sayyidina Usman bin Affan ne ya yi fice da kunya, har ya zo a Sahihu Muslim cewa mala'iku ma suna jin kunyarsa. Shi ne kuma attajirin da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a su sha, shi ya ɗauki babban kaso na nauyin rundunar Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira. Da fatauci ya tara wannan dukiya, kunyarsa tana nan ba ta je ko'ina ba.

Ke kuma Maman Ilham, abin da ya same ki ba addini ne ya ɗora miki ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take: a sa masa ajali, a rubuta, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Ba a ce ban da dangi ba. Hadisi kuma ya tabbata cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Wadda ya kamata kunya ta kama ita ce mai yawo da leshin da ba ta biya ba.

Maman Ilham:
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na yarda. Amma ka gaya mini yadda zan fito da littafi da biro a gaban yayar mijina in ce ta sa hannu. Kafin magariba labari ya zaga dangi cewa matar wane ba ta da kara, ta fifita kuɗi a kan zumunci. Ni ce zan zauna a gidan, ba Malam ba.

Hajiya Mai Adashi:
'Yata, ba a gaban mutum ake fara fito da littafi ba. Tun kafin kowa ya zo ake kafa doka, kuma a kafa ta a kan kowa. Ni cewa nake kayan nan ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai kuɗin mutane a ciki, kuma gaskiya na faɗa, domin jarin nawa da kuɗin adashi a ciki. In 'yar uwa ta zo na ga ba ta da hali, gara in yanko mata yadi huɗu in ce kyauta ce, da in ba ta turmi bashi mu zo muna ɓuyar juna. Wadda ta ɗauka kuma, da ta fita sai in tura mata saƙo a waya: na gode Yaya, turmi kaza, kuɗi kaza, ƙarshen wata in sha Allahu. Rubutun ke nan, ba wanda aka ci wa fuska. Na dangin miji kuwa, mijin za ki sa a gaba. Shi ya san yadda zai yi da yayarsa, in ba zai iya tambayarta ba ya biya daga aljihunsa. Kunyar mara kunya asara ce, tun iyayenmu suke faɗa.

Injiniya Zariya:
Ni ta wani ɓangaren zan shigo. Ina cikin masu tantance masu neman aiki a wani kamfanin gine-gine a Abuja, kuma abin da nake gani yana ƙona mini rai. Yaro daga wajenmu zai shigo da sakamako mai kyau, ya zauna a bakin kujera, kai a sunkuye, murya can ƙasa. A tambaye shi me ya yi a wurin da ya yi bautar ƙasa, ya ce "mun ɗan taɓa". Alhali in ka bincika shi ya riƙe aikin gaba ɗaya. Wani zai shigo bayansa, bai kai shi sani ba, amma zai zayyana duk abin da ya taɓa yi ɗaya bayan ɗaya yana kallon idon kowa. Abokan aikina da ba su tashi a al'adarmu ba, sunkuyar da kan nan ba ladabi suke ɗaukar sa ba. Gani suke ko bai san aikin ba, ko yana ɓoye wani abu.

Wurin albashi ya fi ciwo. A ce nawa kake so, ya ce duk abin da aka ga ya dace. Sai a ba shi mafi ƙanƙanta, kuma duk ƙarin da za a yi masa nan gaba a kan wannan ƙaramin za a lissafa. Shekara goma yana biyan kuɗin magana ɗaya da ya kasa faɗa. Malam, wannan ba zamanin sahabbai ba ne, a nan wanda bai yi magana ba ba a san da shi ba.

Malamin Islamiyya:
Injiniya, duba Suratu Yusuf aya ta 55. Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya ce wa sarkin Masar a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili: shi mai tsarewa ne, masani. Ya nemi aikin, ya ambaci abin da ya iya, a gaban mutanen da ba su san shi ba. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan halaccin mutum ya faɗi ƙwarewarsa idan akwai bukata kuma gaskiya ce. Abin da aka hana shi ne ƙarya da taƙama. Yaron da ya ce "mun ɗan taɓa" alhali shi ya yi aikin, ya rage wa masu tambayarsa gaskiyar da suke bukata ne don su yanke hukunci.

Injiniya Zariya:
Madalla. To amma wa ya taɓa karanta mana ayar ta wannan fuskar? A gida da makarantar allo an koya mana rabin farko, rusunawa da yin shiru, aka tsaya nan. Da za ku riƙa sa ɗalibai suna tashi gaban aji suna bayani da murya mai ƙarfi, ana tambayarsu suna kare abin da suka faɗa, da kun yi mana babban aiki.

Baba Dillali:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Ku bar ni in yi magana a matsayin wanda ya tsufa a Dawanau.

Kuna kallon bakin kasuwa ne, inda ake ihu da jan riga. Cikin kasuwa ba haka yake tafiya ba. A nan ana loda tirelar riɗi ko wake ko zoɓo ta miliyoyin naira da kiran waya ɗaya, kaya su kama hanyar Legas ko Maraɗi, kuɗi su biyo baya. Me ke riƙe da wannan? Sanin cewa mutumin nan ba zai iya haɗa ido da kai ba in ya ci amanarka. Kafin in ɗora wa yaro kayan wani, ba bakinsa nake dubawa ba. Tambaya nake ɗan gidan wa ne, yana jin nauyin mutane, in an kira mahaifinsa zai ji ciwo? Wanda ba ya jin kunyar kowa ba na ba shi ko buhu ɗaya, domin ranar da ya ga dama zai kashe waya ya sauya gari.

Haka fatake suka yi tun da can. Alhassan Ɗantata, da aka haifa a Bebeji a 1877, da goro ya fara, tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 harkar gyaɗa ta buɗe, ya zama babban mai saye, yana ba wakilansa kuɗi su shiga ƙauyuka su auno masa. Har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Waɗancan wakilan da za su ɗauki kuɗin mutum su yi kwana da kwanaki a daji, me ya dawo da su? Babu waya, babu banki a ƙauye. Mutunci ne da gudun abin kunya.

Na ga masu bakin nan da yawa. Suna saurin tashi, gaskiya ne, Ɗan Kwari bai yi ƙarya ba. Amma ka ƙirga mini nawa ne a cikinsu ke nan bayan shekara ashirin. Wanda ya cika mudu da algus, ya rantse da Allah a kan farashin ƙarya, ciniki ɗaya yake yi da kowane mutum.

Ɗan Kwari:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka dutse ce. Amma ka ba ni dama in faɗi wani abu, ba don raini ba. Wannan amanar da kuke yabo, wa ke cin ribarta? Sau da yawa maigida ne. Ya san yaron nan ba zai taɓa sata ba, ya kuma san ba zai taɓa buɗe baki ya ce a sallame shi ba. Sai ya bar shi a haka, kuɗin abinci da na mota, in Sallah ta zo a ɗinka masa shadda. Yaro ya yi aure a gidan haya, ya haihu, har yanzu "yaron Alhaji" ne.

Ka leƙa Sabon Gari wurin 'yan ƙabilar Ibo. Ranar da za a kawo yaro ake zama da iyayensa a yanke magana, shekara biyar ne ko bakwai, in ya cika a ba shi jari ya buɗe nasa. Su ma ana samun masu saɓa alƙawari, amma akwai alƙawarin da za a kama. Mu namu sai "Allah ya sa albarka, ga shi nan amana". Uba yana jin nauyin tambaya, yaro yana jin nauyin tunatarwa, maigida ya yi shiru abinsa.

Malamin Islamiyya:
Wannan magana ta Ɗan Kwari tana da tushe. A Suratul Ƙasas, matar da ta zo kiran Annabi Musa (AS) an siffanta ta da cewa tana tafiya cikin kunya. A nan kuma ɗaya daga cikin 'yan matan biyu ta ba mahaifinsu shawara ya ɗauke shi aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa. Da aka zo maganar aikin, dattijon bai bar ta a duhu ba: shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne. Annabi Musa ya amsa cewa duk wa'adin da ya cika a cikin biyun babu ƙetare haddi a kansa. Gida ne na kunya, amma an faɗi adadi tun ranar farko.

Baba Dillali:
Ɗana, ban ji haushi ba. Akwai iyayen gida masu wannan hali, na san su, kuma za su amsa a gaban Allah. Sai dai ka sani akwai waɗanda suka aurar da yaransu, suka kai su Makka, suka ba su shago ba tare da an rubuta komai ba, abin da takarda ba za ta taɓa tilasta musu ba. In aka mayar da komai yarjejeniya wannan ma zai ragu. Duk da haka na yarda a riƙa yanke wa'adi. Amma uba ne zai yi maganar, ko wani dattijo a layin. Yaro ya tsaya gaban maigidansa yana lissafa masa shekaru, wannan ba zan koya wa jikana ba.

Ɗan Kwari:
To wanda ba shi da uba fa, Baba? Yawancin yaran da ke layinmu daga ƙauye suka zo, wasu marayu ne.

Baba Dillali:
Shi ya sa kowane layi yake da shugabanni. Ya je wurinsu. In ba su yi masa ba, laifin ya koma kanmu mu manya.

Abu Tela:
Ni abin da ke ba ni mamaki daban ne. Matashi ya gama digiri, ka ce ya zo ya koyi ɗinki ko gyaran waya a Farm Centre, ya ce yana jin kunya abokansa su gan shi. Amma ba ya jin komai ya turo maka saƙo a taimaka masa da na kati. Shi ɗin nan in ya je Legas ko Fatakwal, inda ba a san gidansu ba, zai yi dako, zai tura baro. Ashe idon 'yan unguwa yake tsoro. Hadisi ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da roƙon mutane. Ladi Kwali tukwane take ginawa, yau hotonta ne a bayan naira 20.

Turaren Maraɗi:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga Nijar. Maza sun yi tasu, a bar mu mu ma mu faɗi tamu. Ina haɗa turaren wuta da humra, ina tallatawa a WhatsApp da TikTok. Ba na nuna fuskata, hannuna da kwalabe kawai ake gani. Akwai waɗanda muka fara tare, su suna fitowa da kwalliya, suna rausaya da waƙa, yanzu mabiyansu sun ninka nawa nesa ba kusa ba, har masu kaya suna biyan su kuɗin talla. Kayana bai gaza nasu ba, wasu ma a wurina suke sara. Don haka kar a ce mana kunya ba ta rage komai. Tana ragewa. Akwai kuɗin da na san ba zan taɓa samu ba muddin ina kan wannan tsari, kuma na zaɓi hakan da idona a buɗe. Abin da ba na so shi ne a riƙa yi mana daɗin baki cewa duk ɗaya ne.

Ummu Sadik:
'Yar uwa, Allah ya saka miki, kin faɗi abin da mutane ke kewayewa. Amma ina da ja a wuri ɗaya. Yawan mabiya daban, yawan masu saye daban. Masu taruwa kallon fuska yawancinsu maza ne, kuma ba su ke sayen humra ba. Mai sayen humra mace ce da ke shirin biki, abin da take so ta sani shi ne ƙamshin yana kama jiki, kuma in ta tura kuɗi kaya za su iso.

Ki tuna kakanninmu. Suna cikin kulle suke soya ƙuli-ƙuli, su tatsi man gyaɗa, su dama fura, su ɗinka huluna, ba wanda ya ga fuskarsu a kasuwa, amma da kuɗinsu suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Illar wancan tsarin ita ce yarinya ce ke ɗaukar tallan, ta rasa makaranta, ta haɗu da abin da ta haɗu da shi a tasha. Yau waya ta ɗauke wa yarinyar farantin. Nana Khadija ma ba ita ke bin ayari zuwa Sham ba, wakilta take yi, dukiyarta na juyawa.

Turaren Maraɗi:
Gaskiya ne ba duk mai kallo ke saye ba. Amma manhajar ba ta san wannan ba, wanda aka fi kallo shi take turawa gaba, ni kuma bidiyona ya tsaya a mutum ɗari biyu. A cikin dubu ɗari ko kaɗan ne suka saya sun fi nawa. Kuma kuɗin tallan da ake biyan su fa? Wannan ba ruwansa da ingancin turare.

Injiniya Zariya:
Hajiya ta Maraɗi ta fi mu gaskiya duka. Sai dai ina ganin nata ya bambanta da na yaran da nake magana a kansu. Ita ta san abin da ta bari da dalilin barinsa. Su kuwa ba su zaɓi komai ba, ba a koya musu ba ne kawai.

Ummu Sadik:
Kuɗin talla kam na bar musu, ba zan yi musu a kansa ba. Amma ki gwada abu biyu kafin ki yanke ƙauna. Duk wadda ta saya ta ji daɗi, ki roƙe ta ta yi miki saƙon murya, ki nemi izininta ki ɗora. Mata sun fi yarda da bakin mace 'yar uwarsu a kan kowane bidiyo. Na biyu, ki nemi masu gyaran jiki da masu ƙunshi da masu haɗa lefe a Maraɗi da Katsina da Kano, ki ba su a farashin sari, domin amare a hannunsu suke bi. Ni ta haka nake sayar da zannuwan gado, kuma ko hannuna ba a taɓa gani ba. Sai dai fa a nan dole ki buɗe baki ki kira mutanen da ba ki sani ba, ki faɗi farashinki ba tare da kin ce "duk yadda kika gani" ba.

Turaren Maraɗi:
Kiran ba zai gagare ni ba, tunda mata ne. Matsalata ita ce canji, ni da sefa nake sayen kayan haɗi, su kuma da naira za su biya, kuma nairar ba ta tsayawa. In akwai wadda ke aika kaya tsakanin Maraɗi da Kano a cikinku, ta yi mini bayanin yadda take yanke farashi da direban da take ba wa saƙo.

Hajiya Mai Adashi:
Ki yanke farashinki da sefa, ranar biya a duba canjin ranar, kuma ki faɗa musu haka tun kafin kaya su tashi. Maganar direba kuma ki same ni ta gefe, akwai wanda ke bin hanyar Jibiya da muka daɗe muna aiki da shi.